Ƙas Biyu: Tsakanin Jikin Mahayi da Awon Na'ura

Mahayi ya shigo rumfar gyara bayan zagaye takwas, ya ɗaga gilashin hular kwano, ya ce gaban babur ɗin ba ya ba shi amana a kwana ta huɗu. Kafin ya rufe baki, wani ya riga ya soka waya a jikin babur yana kwashe abin da na'ura ta rubuta. A gasar MotoGP doka ta hana babur ya aika da bayanai rumfa yana cikin gudu, don haka shaidun nan biyu kusan tare suke isowa, na bakin mutum da na kwamfuta, kuma ba kullum bakinsu yake zuwa ɗaya ba. Bakanike na tsaye da sukundireba a hannu. Abin da za a ce masa bai wuce ya ƙara ƙas biyu ko ya rage ƙas biyu ba. Sai dai kafin a kai ga wannan umarni, dole a yanke hukuncin wanda za a gaskata.

Wanda ya saba da Bajaj ko Jincheng ya san shakazobar baya mai matakala, wadda ake murɗawa idan za a ɗauki kaya. Wannan murɗi sifirin kawai yake taɓawa. A babur ɗin tsere akwai shi, amma rigimar ba a kansa take ba. Sifirin doki ne marar linzami: ka danne shi ya nutse, ka sake shi ya zabura, ya ci gaba da tsalle har sai ƙarfinsa ya ƙare. Linzaminsa mai ne. A cikin sandunan gaba da shakazobar baya akwai fistin da ke tura mai ta ƙananan ƙofofi, kuma wahalar da man ke sha kafin ya wuce ita ce riƙon da ke ladabtar da sifirin. Riƙon iri biyu ne, na nutsewa da na dawowa, kowanne da abin murɗinsa. Abin murɗin allura ce mai tsini da ke shiga wani ɗan rami. In an murɗa ta dama ramin ya tsuke, riƙo ya ƙaru. In an murɗa hagu ya buɗe. Duk ɗan juyi tana yin ƙas, shi ake ƙirgawa, kuma ana fara ƙirgen daga inda allura ta rufe ruf, a dawo baya. Yawancinsu suna da ƙas ashirin zuwa talatin.

Akwai abu guda da in mutum bai riƙe shi ba, duk sauran bayanin ba zai zauna masa ba. Sifirin yana amsa nisan da aka danne shi. Mai kuwa saurin motsin yake amsawa. Idan babur ya kwanta a tsakiyar doguwar kwana mai sumul, shakazoba ba ta motsi, to mai ba ya aikin komai a wannan lokaci, ko an rufe allura ko an buɗe. Shi ya sa idan kanikawa suka ce riƙon gudu kaɗan ko riƙon gudu sosai, ba gudun babur suke nufi ba, gudun sandar shakazoba suke nufi. Babur na iya sharara kilomita 300 a awa kan miƙaƙƙiyar hanya sandarsa tana ɗan rarrafe. Wani kuma yana tafiyar kilomita 60 ya hau dakalin gefen kwana, sanda ta harba kamar kibiya. Allurar nan da ake ta ƙirga wa ƙas, galibin ikonta a kan motsin rarrafen yake, wato nutsewar gaba idan an kama birki da zaman baya idan an buɗe totur. Idan duka ya zo da ƙarfi, wasu siraran faya-fayen ƙarfe da aka jera a kan fistin su ke lanƙwashewa su ba mai hanya, su kuwa ba a taɓa su sai an kwance shakazoba ɗungurungum.

To, shaida na farko. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma babu na'urar da aka taɓa ƙerawa da ke tattara abubuwa da yawa a lokaci guda kamar jikin mahayi. Tafin hannunsa yana jin tayar gaba tana neman zamewa tun kafin ta zame. Mazaunansa suna jin baya yana lilo a fitar kwana. Ƙafafunsa da kunnuwansa da idanunsa duk suna kawo rahoto, ƙwaƙwalwa ta dunƙule su ta mayar da su abu ɗaya tak: zan iya ƙara wuta a nan, ko ba zan iya ba. Wannan hukunci shi ke kawo lokaci a agogo. Babur ɗin da lissafi ya ce ya fi kama kwalta, in mai shi yana tsoronsa, zai riƙa kama birki da wuri, kuma fifikon da ke kan takarda ya tashi a banza.

Amma fa jiki yana da son zuciya, kuma a kan riƙon dawowa ne ya fi nuna shi. Paul Thede, wanda ya kafa kamfanin Race Tech a Amurka a 1984, ya daɗe yana koyar da wani abu da duk mai murɗa allura ya kamata ya sani: wurin da mahayi ya fi jin babur yana hannunsa, da wurin da taya ta fi kama ƙasa, ba wuri ɗaya ba ne. Idan aka ƙara riƙon dawowa, babur yana yin shiru, ya daina rawa, mahayi ya ji kamar an ɗaure masa shi da igiya. Daɗin nan yana ci gaba da ƙaruwa har bayan an wuce inda taya take so. Me ke faruwa a ƙasa? Taya ta hau ɗan tudu, shakazoba ta nutse, ta wuce tudun, amma mai ya hana sifirin ya mayar da ita kwalta da wuri. Na ɗan ƙiftawar ido nauyin da ke kanta ya ragu. Idan gargadar a jere take, abin ya fi muni: ta farko ta danne, kafin a dawo ta biyu ta ƙara dannewa, ta uku ta ƙara, har shakazoba ta taru a ƙasa inda sifirin ya fi tauri. Mahayi zai shigo ya ce babur yana dukansa, ya nemi a sassauta riƙon nutsewa. Ciwon kuwa a ɗaya allurar yake. Bai yi ƙarya ba, duka ya sha, amma ya nuna wanda ba shi ya dake shi ba.

Ga kuma matsalar harshe. Kalmomin da mahaya ke amfani da su 'yan kaɗan ne, tauri, laushi, lilo, tsalle, nauyi, kuma kowace ɗaya tana iya fitowa daga cututtuka uku ko huɗu. Tauri na iya zama riƙo ya yi yawa. Yana iya zama sifirin ya yi laushi har sanda tana dukan ƙarshenta. Yana iya zama iskar taya, ko sandunan gaba sun ɗan karkace a ɗaurinsu suna cijewa. Shi ya sa shugaban kanikawa irin su Jeremy Burgess ɗan Ostireliya, wanda ya yi aiki da Wayne Gardner da Mick Doohan da Valentino Rossi, rabin sana'arsa tafinta ce. Dole ya san abin da wannan mahayin yake nufi da tauri, wanda ba lalle ya zama abin da na baya yake nufi ba. Sai a haɗa da cewa mutum yana jin abin da aka gaya masa zai ji. Ka ce masa ka ƙara ƙas biyu alhali ba ka taɓa komai ba, ba abin mamaki ba ne ya dawo yana yabon gyaran. Gajiya ma tana sauya shaida, haka tayar da ta ci zagaye ashirin.

Shaida na biyu hawa-hawa ne, kuma na fi ganin girman na ƙasan fiye da yadda ake ba shi. Tef ɗin awo na tela ya isa a fara. Ana ɗaga babur taya ta rataya a auna, sannan mahayi ya hau da cikakkun kayansa a sake aunawa, bambancin shi ne yawan nutson da nauyinsa ya jawo. Masu hankali sau biyu suke awon na biyun: a danna a saki a hankali a auna, a ɗaga a saki a hankali a auna, a ɗauki tsakiya. Tazarar da ke tsakanin awon biyu tana tona asirin cijewar da ke cikin sanda. A filin tsere ana neman abin da ya kama milimita 30 zuwa 35 a gaba, 25 zuwa 30 a baya, cikin tafiyar da gaba ɗayanta ba ta wuce wajen milimita 120 ba. In wannan bai daidaita ba, duk ƙas ɗin da za a ƙirga daga baya ɓata lokaci ne, domin ana neman mai ya yi aikin sifirin. Bayan tef sai ɗan zoben roba da ake ɗaurawa a sandar gaba. Sanda ta nutse ta tura shi ƙasa, ya tsaya inda ta kai. Ana so ya bar kamar milimita goma kafin ƙarshe. Aibinsa shi ne yana faɗin iyakar da aka kai, ba ya faɗin a ina. Wataƙila a birkin da ya fi tsanani ne, wataƙila kuma mahayi ne ya ɗaga tayar gaba yana wasa ya sauke ta da ƙarfi.

Daga nan sai na'ura ta sosai. Wata siririyar sanda ce mai zugewa da ake liƙawa a gefen sandar gaba da jikin shakazobar baya, tana aika wa akwatin ajiya tsawonta sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kamfanoni irin su 2D na Jamus da AiM na Italiya da MoTeC na Ostireliya suna sayar da su har ga masu tseren sha'awa. Yawan awon ba ƙawa ba ne. Babur mai gudun kilomita 200 a awa yana cin mita 55 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Na'urar da ke awo sau goma a daƙiƙa tana tsallake mita biyar da rabi tsakanin awo da awo, gargada ta zo ta wuce ba ta gani ba. Mai awo sau 500 kuwa duk santimita 11 tana duba ƙasa. Daga tsawon ake fitar da saurin sanda, daga saurin a zana yawan lokacin da shakazoba ta ɓata tana nutsewa da wanda ta ɓata tana dawowa, a hankali ko da gudu. Taruwar nan da mahayi ya kira duka, a zanen ba ta da wurin ɓuya: layin yana sauka mataki-mataki bai koma inda ya taso ba. Gani ya kori ji, a nan kam karin maganar ta faɗa daidai, domin ji ɗin har da na jiki.

Akwai kuma injin gwajin shakazoba, wanda ake ɗaura ta a kai yana tura ta da saurin da aka zaɓa yana auna ƙarfin da take mayarwa. Shi ne ya kunyata ƙas ɗin kansa. Ƙas ba ma'auni ba ne kamar milimita. Saboda tsinin allura, ƙas ɗaya kusa da rufewa yana sauya riƙo fiye da ƙas uku ko huɗu can kusa da buɗewa. Shakazoba biyu 'yan gida ɗaya, a ƙas goma dukansu, suna iya ba da ƙarfi daban. Man ma haka: lambar da ke jikin galan, 5W ko 10W, ba ta da tsayayyar ma'ana tsakanin kamfanoni, shi ya sa masu aikin gaske suke duba kaurinsa a zafin digiri 40. Mai kuma yana tsinkewa da zafi. Shakazobar baya tana zaune kusa da inji da salansa, a fili irin Sepang na Malesiya inda kwalta ke haura digiri 50, riƙon da aka saita da safe ba shi ne na zagaye na goma sha biyar ba. Saboda haka wanda ya kwafi ƙas ɗin abokinsa ya ɗora wa nasa babur, lambar kawai ya kwafa.

In an tsaya a nan, sai a ce na'ura ta cinye shari'a. Tarihin gasar bai yarda ba. A 2012 baburan Honda na Casey Stoner da Dani Pedrosa sun kamu da wata karkarwa da ke zuwa a tsakiyar kwana, taya tana tsalle wajen sau ashirin a daƙiƙa. An ƙara mafi ƙarancin nauyin babur daga kilo 153 zuwa 157 ana dab da fara kaka, Bridgestone kuma ta kawo sabuwar tayar gaba. Na'ura tana ganin karkarwar sarai, tana faɗin yawanta da inda take farawa. Honda ba ta rasa injiniyoyi ba, ba ta rasa kuɗi ba, shakazobarta kuma Öhlins ce, kamfanin nan na Suwidin da Kenth Öhlin ya kafa a 1976, wanda ƙungiyar ta koma wa a 2010 bayan shekaru tana tare da Showa. Duk da haka an kwashe watanni ana fama. Ganin ciwo daban, sanin maganinsa daban, musamman da yake karkarwar tana tasowa ne daga yadda taya da firam da shakazoba ke amsa wa juna, kuma a irin wannan ɗan ƙanƙanin motsi, ga babur a kwance, mai ba shi da ta cewa sosai.

Labarin Ducati ya fi wannan ciwo. Stoner ya ci kambun duniya da ita a 2007, ya bar ta da nasara 23. Rossi ya karɓe ta a 2011 da Burgess da tawagarsa, kuma duk bayanan Stoner suna nan a kwamfutar kamfanin, inda ya kama birki, yadda ya buɗe totur, yadda sandunansa suka nutse. Shekara biyu Rossi yana cewa ba ya jin tayar gaba. An sauya firam ɗin kabon aka koma na alminiyom, bai ci tsere ko ɗaya ba, sau uku kacal ya hau dandamali. Babu layin da ke cikin zane mai suna amana. Jorge Lorenzo ma ya zo Ducati a 2017 ya sha wuya fiye da shekara, kuma abin da ya taimaka masa ya ci tseren Mugello a Yunin 2018 har da sauya siffar tankin mai, don ya sami abin tokarewa da ƙafa a birki, hannuwansa su daina mutuwa kafin ƙarshen tsere. Babu sandar awo a jikin shakazoba da za ta kawo wannan ƙara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An yi ƙoƙarin cire mutum daga tsakani gaba ɗaya. BMW HP4 da aka fitar a 2012 ta zo da bawul mai lantarki da ke sauya riƙo da kansa cikin ɗan yanki na daƙiƙa, sai Yamaha R1M da Ducati 1299 Panigale S suka biyo a 2015 da na Öhlins. A kan titi, inda ba ka san abin da ke bayan kwana ba, dabara ce mai kyau. A MotoGP doka ta haramta ta. Ko a inda aka halatta, za ka tarar da masu gudun gaske da yawa suna kulle ta a saiti ɗaya, domin suna so abin da babur ya yi a wannan kwana a zagayen da ya wuce, shi zai yi yanzu. Mutum yana iya koyon zama da aibi in aibin ba ya sauya hali.

Ni dai in aka matsa mini, a kan maganar riƙo kaɗai, awo nake ba gaskiya kafin jiki, kuma ba da ɗan rinjaye ba. Dalilina shi ne kuskuren na'ura shiru ne, abin da ba ta gani ba ba ta cewa komai a kansa; kuskuren jiki kuwa da murya yake zuwa, da tabbaci, har da sunan allurar da za a murɗa. Misalan Rossi da Lorenzo na mutanen da suka yi shekara ashirin suna horar da jikinsu ne, kullum ana gwada abin da suka faɗa da abin da zane ya nuna, har jikin ya zama ma'aunin da aka daidaita. Mai zuwa fili sau huɗu a shekara ba shi da wannan. Lokacinsa yana bambanta da daƙiƙa biyu ko uku daga zagaye zuwa zagaye, alhali abin da ƙas biyu zai ba shi ko ya hana shi bai kai rabin wannan ba. Idan ya ce gyara ya yi, mai yiwuwa shi ne ya fara gane hanya.

Abin da nake so a karɓa daga bakin mahayi shi ne wuri da lokaci. Wace kwana, kana kan birki ko ka saki, totur a rufe ko ka fara buɗewa, a zagaye na biyu ya fara ko sai da taya ta yi zafi. Wannan babu mai faɗinsa sai shi, kuma shi ne ke nuna wa injiniya inda zai duba cikin dubban layuka. Abin da ba na so a karɓa daga gare shi shi ne sunan magani.

Wanda ba shi da kuɗin na'ura yana iya horar da jikinsa da littafi da biro. Ya rubuta inda kowace allura take kafin ya taɓa komai, ya rufe ta a hankali yana ƙirgawa, kada ya matse, don tsinin yana lalacewa. Ya rubuta iskar taya da zafin rana. Sannan ya ɗauki allura ɗaya tak, ta dawowar baya misali, ya buɗe ta ƙas huɗu, ya yi zagaye biyar a gudun da bai kai iyakarsa ba, ya ji yadda lilo yake. Ya mayar, ya rufe ta ƙas huɗu, ya ji yadda taruwa take. Ƙas ɗaya ba ya koya wa sabon hannu komai, sai an yi taku mai faɗi ake gane gabas da yamma. In yana da aboki amintacce, ya ba shi sukundireban ya juya baya, abokin ya murɗa ko ya ƙi murɗawa, shi kuma ya fita ya dawo ya faɗi abin da aka yi kafin a buɗe littafin.